Aron Ciwon Wani

Duk wanda ya taɓa shirya wasan kwaikwayo a ƙasar nan ya san mutum uku da ba sa kunyata mai wasa: mashayi, baƙauye da mahaukaci. In ka ga wasa ya yi sanyi, mata sun fara gyara goyo suna shirin tashi, sai ka sako ɗayansu, nan take fili ya kaure da shewa. Gadon wannan dabara muka yi, ba mu muka ƙago ta ba. Sai dai ni na wuce gona da iri. Maimakon mahaukacin da aka saba gani a dandali, mai tsumma da gwangwani, sai na ɗauko wani bawan Allah mai rai, wanda rabin mutanen Gaya suka san shi, na kwaikwaye shi gaban jama'a, ina kuma kiran abin da nake yi faɗakarwa.

Sai mutum ya san Gaya zai gane irin ciwon da na yi wasa da shi. Gari ne da ke ci daga iyaka. Ka tsallaka gadar kogin Isa ka faɗa Malanbil a ƙasar Benin, ka yi gabas kaɗan ka shiga Kamba a jihar Kebbi. Dandawa, Cangawa, Zabarmawa, Hausawa, Fulani, kowa da hanyar da abincinsa ke biyowa ta wannan gada: manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, sito-siton gwanjo da ake sake kaiwa Najeriya, 'yan dako, 'yan kamasho, masu tuwo-tuwo, 'yan kabu-kabu. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, gada ta rufe, motoci suka yi jerin gwano a ƙetare. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, ɓangarenmu na gadar bai buɗe ba. Masu kwale-kwale suka samu kasuwa. Wanda kuwa ya ci bashi ya zuba a kayan da ke cikin mota, sai ya zuba ido.

Mutumin da nake magana a kai yana cikin masu zuba idon. Ɗan kasuwa ne matsakaici, dilolin gwanjo yake sarowa bashi, ya sayar ya biya. Kayansa suka maƙale, masu bin bashi suka taso shi gaba, ya sayar da fili, mai ɗakinsa ta koma gidansu. Daga nan barci ya ƙaurace masa, sai aka fara ganinsa kullum da safe a bakin tasha, kan hanyar da ta nufi gada, da jakar leda cike da takardu a hammata. Duk direban da ya sauko sai ya tare shi da tambaya guda: “Kayana sun iso?” Bai taɓa zagin kowa ba, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Direbobi kan amsa masa, “Suna hanya, Alhaji.” Mai shayin wurin yana zuba masa ba ya tambayar kuɗi. In rana ta take ya koma gidan yayarsa. Wato gari ya riga ya yi masa wuri, ba tare da taro ko takarda ba. A lokacin ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne kayan wasa kyauta.

Muna da 'yar ƙungiyarmu ta tiyatur, malaman makaranta biyu-uku, tela, ɗan kabu-kabu, da 'yan sakandare. Wata ƙungiya ta nemi mu yi wasa ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, a kan tramol da taɓin hankali. Kuɗin hayar lasifika da na shayi suka ba mu, ba su ce mu kwaikwayi kowa ba. Ni na tsara labarin, ni kuma na zaɓar wa kaina wurin mai taɓin hankalin. Sai na riƙa zama a wata fada kusa da tasha ina nazarinsa: yadda yake jan ƙafar hagu, yadda yake lasar yatsa kafin ya buɗe takarda, yadda yake duƙar da kai in zai yi tambayarsa kamar mai gudun kada ya dami mutum. Ina ce wa kaina haka manyan 'yan wasa ke yi. Ranar gwaji wata yarinya cikinmu ta dube ni ta ce, “Mushe, wannan fa ɗan'uwan wasu ne.” Na ce mata ai ba mu ambaci sunan kowa ba. Ta yi shiru, don ni ne babba.

Ba a buƙaci suna ba. Ina shigowa fili da jakar leda a hammata, kafin ma in buɗe baki, na ji ana kiran sunansa daga baya. Da na ce “Kayana sun iso?” sai wurin ya ruɗe, wasu har da faɗuwa daga benci. Na maimaita, na ƙara gishiri. A labarin da na tsara, tramol ne ya juya wa ɗan kasuwan kai, a ƙarshe 'yan'uwansa suka ɗaure shi da igiyar guga suka kinkime shi zuwa asibiti, inda likita ya yi ɗan jawabi kan illar ƙwaya da muhimmancin zuwa asibiti da wuri. Jawabin nan shi ne dalilin wasan gaba ɗaya. Ba wanda ya ji shi, ana ta dariyar igiya. Na koma gida a daren ina jin kaina, mutane na ta miƙo mini hannu.

Yara ba sa mantuwa da abin da ya ba manya dariya. Kashegari suka same shi a tasha. Kafin ya yi tambayarsa sai su riga shi, cikin waƙa, suna jan ƙafar hagu a bayansa. Daga waƙa aka koma jifa. Mutumin da bai taɓa ɗaga hannu ba, ran nan ya kori wani yaro har ya faɗi ya fasa leɓe. Uban yaron ya je gidan da faɗa, maƙwabta suka ce tun da abin ya kai haka a tsare shi kafin ya yi kisa. Aka sa masa sarƙa a ƙafa a wani ɗaki da ke bayan gida. Kuma gari ya ɗauka cewa ashe ƙwaya yake sha, tunda an nuna a tiyatur. Bawan Allah ko sigari ba ya sha.

A bakin mai shayi na ji. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce, “Bar shi, Mushe. Ka ga mutuminka kwana biyun nan?” Sannan ya ba ni labari yana ɗauraye kofi, ko kallona bai yi ba.

Na daɗe ina kare kaina a zuci. Na ce niyyata alheri ce. Na ce laifin iyayen yara ne da ba su yi tarbiyya ba. Na ce ai mu mutanen raha ne, wa aka bari? Wannan hujja ta ƙarshe ita ta fi daɗewa a tsaye, kuma da na zauna na dube ta da kyau ita ta fi kayar da ni. Gaskiya ne muna da raha, har UNESCO ta sa wasan taubasantakar Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Bafillace ya tare Ba'are a kasuwa ya kira shi bawansa, Bagobiri ya yi wa Bazabarme tatas, kowa na dariya. Amma me ya sa ba a zubar da jini? Saboda wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, kuma kowa na jiran ramuwar, ita ce ma rabin daɗin. Taubasai biyu a tsaye suke, kafaɗa da kafaɗa. Haka ma tiyatur ɗin da muka tashi muna ji a rediyo muna gani a Tele Sahel, irin na su Yazi Dogo, da wanda samariya ta riƙa kaiwa gasar matasa ta ƙasa daga 1976 zamanin Seyni Kountché. Abin da ya zauna mini a rai daga cikinsu shi ne yadda ake yi wa ma'aikaci mai cin hanci da alhaji mai kwaɗayi da maigida mai ƙaryar arziki dariya, mutanen da in sun ji haushi suna da inda za su kai ƙara. Ni kuwa na riƙe lasifika na tsokani mutumin da in ya buɗe baki zai rama, ramuwar ce za a ɗauka shaidar haukarsa.

Akwai wani abu da na sani tun ina ɗalibi, amma bai hana ni ba. A 1954 Jean Rouch ya ɗauki fim a Akra na 'yan ci-ranin Nijar masu bautar iskokin da ke kwaikwayon gwamna da hafsoshin Turawa. Su da kansu suka gayyace shi. Duk da haka, da aka nuna fim ɗin a Paris a 1955, 'yan Afirkan da ke wurin da malaminsa Marcel Griaule suka nemi ya lalata shi, don sun san da wane ido baƙo zai kalli mutum yana kumfar baki. Abin da ke da ma'ana a cikin fili, in aka ɗauke shi aka kai gaban wasu, wani abu yake zama daban. Rouch da aka gayyata ke nan. Ni ba wanda ya gayyace ni.

Ban iya zuwa gidan ni kaɗai ba, sai da na roƙi limamin unguwarsu ya raka ni. Yayar tasa dattijuwa ce, ta shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka gaisa, liman ya ce, “Hajiya, yaron nan ne ya zo ba da haƙuri.” Ta dube ni ta ce, “Kai ne mai tiyatur ɗin?” Na ce, “Ni ne, Inna.” Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun da abin ya same shi take lallaɓa shi, ita ta roƙi mai shayi, ita ta bi direbobin da ta sani ɗaya bayan ɗaya ta ce don Allah in ya tambaye su su amsa masa da daɗi. Ashe abin da na ɗauka halin kirkin gari ne kawai, aikin tsohuwar nan ne. Ta ce, “Da ka zo ka tambaye ni, da na faɗa maka abin da za ka nuna wa mutane. Akwai abin nunawa.” Sannan ta tashi ta ce in biyo ta.

Ɗakin ba taga. An kafa ƙarfe a ƙasa, sarƙar babur ce aka zagaya masa a idon sawu aka sa kwaɗo. Ta naɗe wurin da tsumman atamfa don kada ya ci fata, duk da haka ya ci. Ga gwangwanin man kaɗe a gefe da take shafa masa safe da yamma, ga jakar ledar a ƙarƙashin matashinsa. Na durƙusa na ce, “Alhaji, ina wuni.” Ya amsa da kyau, ya tambaye ni mutanen gida. Bai san ni ba ne, ko ya san ni ya ƙyale, har yau ban tantance ba. Na ce masa ni na yi wasan, na roƙe shi gafara. Ya yi shiru, can ya ce, “An ce ka iya tafiyata.” Ban samu abin cewa ba.

Ban ga laifin tsohuwar ba, kuma ba ita kaɗai ba ce. Rahoton da Human Rights Watch ta fitar a 2020 ya samu ana ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Galibi ba mugunta ke kawo shi ba, rashin yadda za a yi ne. Daga Gaya zuwa Dosso kimanin kilomita 150 ne, zuwa Yamai inda sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa yake, wanda kowa ke kira Pabiyon E, kusan 300. Wasu kan tsallaka su nufi asibitin Kware kusa da Sakkwato. Ko'ina ka zaɓa, sai kuɗin mota na mutum biyu ko uku, da na magani wata bayan wata. Sarƙa kuwa a bakin kasuwa ake sayenta. Kuma kada a manta, ni na nuna musu igiya a dandali, aka tafa mini.

Ni ɗan boko ne kuma ɗan masallaci, na tashi ina raina bori, har gobe ba na zuwa. Amma tun daga ɗakin nan na kasa daina kwatanta filina da nasu. A nan jiharmu, a Dogon Dutsi, Adeline Masquelier ta zauna da 'yan bori a ƙarshen shekarun 1980, littafinta ya fito a 2001, kuma Zabarmawa da Dandawa suna da nasu holle, da zima da mai goge da masu kiɗan ƙwarya. Ba na cewa suna warkarwa. Na san waɗanda aka cinye wa dukiya a girka alhali farfaɗiya ce da ƙwayar asibiti za ta kwantar. Abin da na lura da shi dai shi ne inda suke ajiye mai ciwo. Shi ake yi wa kiɗan. Mai goge ya san taken da zai taɓa shi, dangi sun kawo gudummawa, in an gama ya fito da abokan zama da matsayi, ana gayyatarsa in za a yi wa wani. Mutanen da nake kira jahilai sun gane cewa rabin ciwon kaɗaici ne, sai suka jawo mai ciwo tsakiyar fili. Ni da takardata na bar shi a tasha na shiga fili da kamanninsa.

Likitocin da suka yi fice a wannan yanki namu ma ta nan suka bi. Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda mai jinya ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Henri Collomb a asibitin Fann na Dakar, daga 1959, ya mayar da zaman hira na majinyata da dangi da ma'aikata wani ɓangare na magani. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Grégoire Ahongbonon, ɗan Benin, mai facin taya da ya yi arziki a Kodebuwa ya karye har ya kusa kashe kansa, daga baya ya kafa ƙungiyar Saint Camille a Bouaké yana kwance mutane daga turu. Suna da cibiyoyi a Benin, har da Djougou nan arewa, kuma da yawa daga masu kula da majinyata a can tsofaffin majinyata ne. Karyayyen ɗan kasuwa, kamar Alhaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara rubuce-rubucen bincike fiye da 900 a 2019 kan amfanin kiɗa da rawa da wasa da zane ga lafiya. Wannan rahoto muke ɗagawa in muna neman tallafi. Ba mu cika tsayawa mu tambayi wa ke kiɗan wa ke rawar ba.

Ba tiyatur ne ya kwance Alhaji ba, kada in ci haƙƙin kowa. Wani ma'aikacin jinya da liman ya sani shi ya zo ya duba shi, ya haɗa su da likita a Dosso. Muka haɗa kuɗin mota, aka ɗora shi kan magani, barci ya dawo, yayarsa ta cire kwaɗon da hannunta. Abin da ya rage mana mu shi ne ɓarnar da muka yi a kan titi, don ba amfani a kwance mutum a sake shi cikin masu jifa.

Sai na koma wurin tsohuwar na tambaye ta abin da ta ce akwai na nunawa. Ta zayyana mini: yadda ake daina gayyatar gidan biki, yadda maƙwabciya ke janye ɗanta in ya zo wucewa, yadda mai bin bashi ke zuwa ya yi ihu a ƙofar gida ya san mai gidan ba ya cikin hayyacinsa, yadda kowa ke zuwa da sunan malami ko boka amma ba mai zuwa da kwanon tuwo. Da wannan muka gina wasa na biyu. Mai ciwon ba ya fitowa ko sau ɗaya, yana bayan labule, gari ne ke dandali. Muka ari salon da Prosper Kompaoré ya yaɗa a Burkina, inda ake tsayar da wasa a ce wa ɗan kallo ya shigo ya karɓi wurin maƙwabci ya nuna yadda shi zai yi. Kafin mu fara na tsaya gaban mutane na ce wasan farko ƙarya na yi, mutumin da na kwaikwaya ba ya shan komai, karayar arziki ce da za ta iya samun duk wanda ke wurin. Jama'ar ba ta kai rabin ta farko ba, dariya ma kaɗan ce. Amma wata mai tuwo-tuwo ta shigo ta karɓi wurin maƙwabciya, ta wanke ɗan wasanmu mai bin bashi da Zabarmanci har ya manta maganarsa, kuma a makarantun da muka kai shi yara sun yi tsit a wurin jifa, suna satar kallon juna.

Alhaji ya zo gwajinmu da kansa bayan ya samu sauƙi, ba mu muka kira shi ba. Ya zauna a benci yana kallo, da aka zo wurin cinikin dila sai ya ɗaga hannu ya ce wa telanmu, “Yaro, ba haka ake taya kaya ba.” Ya tashi ya nuna masa yadda ake dube bakin ɗauri, a ɗaga a ji nauyi, a yi kamar za a tafi. Yara suka yi dariya, shi ma ya yi. Muka gyara wurin yadda ya ce. Ya zo wasu lokuta, sannan ya daina. Da kuɗin magani ya yanke ciwon ya motsa, aka sake komawa Dosso. Yanzu duk wasan da aka biya mu muna cire wani abu mu kai wa yayarsa, ba ya isa, tana karɓa ta ce an gode, iyakar maganarmu ke nan.

Jifa ya tsaya. Maganar tramol ce ta ƙi mutuwa, don waɗanda suka ga wasan farko sun fi waɗanda suka ji na janye yawa, kuma sun riga sun ba wasu labari. Kwanan baya babban ɗansa ya nemi aure a wata unguwa, iyayen yarinya suka ce a ba su lokaci su yi bincike. Abin da binciken ya kawo musu shi ne maganar da ni na sa a wasan farko: uban ɗan ƙwaya ne, ita ta haukata shi. Ni da liman muka je muka yi musu bayani tun daga farko, na ce in rantsuwa suke so in rantse. Suka saurare mu, suka kawo mana ruwa, suka ce za su yi shawara. Har yanzu suna shawara.